Ƙanina, kar ka buɗe fayil ɗin nan

Jiya na ba wani yaro da nake koya wa rubuta kod wata tambaya, ya rubuta shirin da zai buga rubutun kod ɗinsa da kansa amma ya juya haruffan, babba ya koma ƙarami, ƙarami ya koma babba. Ko minti goma bai yi ba na leƙa sai ga shi ya saka __file__ a yaren kod na Python, wato shirin ya buɗe fayil ɗinsa ya karanta ya zubo. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don abin da na yi kenan.

Quine ake ce wa shirin da ke buga kod ɗinsa ba tare da karanta fayil ba, sunan wani masanin falsafa ɗan Amurka, Willard Quine. Da na fara cin karo da shi kwana uku na yi ina saka print, umarnin buga rubutu, a cikin print, duk sanda na kwafe layin sai ya ƙara tsawo sai na sake kwafewa, abu ba ƙarshe. Da na gaji sai na koma kan juya haruffa don nan ne nake jin na iya. A lissafin ASCII, tsarin da ke ba haruffa lamba, A 65 ce, a kuma 97, tazarar 32 kenan, sai na bi komai da XOR 32, lissafin da ke ƙara 32 ko ya cire ta, ban ware haruffa ba, sarari ya koma sifili, bakar buɗewa, wato (, ta koma 8 mai goge baya, abin da ya fito ko karantuwa ba ya yi. Daren nan na karanta fayil, na liƙa swapcase, umarnin Python mai juya haruffa, na tura wa abokai suka yaba na yi shiru. Washegari wani ya liƙa kod ɗin kai tsaye a tagar Python, babu fayil, take ya faɗi.

To ba ni da mai nuna min a lokacin, wannan gaskiya ne, kuma wanda ya ba ni tambayar bai ce kar a karanta fayil ba. Amma na sani fa. Zuciyata ta sani shi ya sa na yi shiru. Abin da ya fi ƙona min rai shekaru na yi ban gane cewa rubutu ɗaya ake amfani da shi sau biyu ba, sau ɗaya a matsayin umarni, sau ɗaya a matsayin bayanin da ake bugawa, juya haruffan a ƙarshe yake zuwa. Tun 1938 Stephen Kleene ya tabbatar da tushen wannan a lissafi. Ken Thompson ma da irin shirin nan ya fara a 1984 da zai nuna yadda ake ɓoye mugun kod a cikin kwamfaila, shirin da ke fassara kod zuwa yaren kwamfuta. Ni duk ya wuce ni.

Na zo da niyyar shawara goma, ƙanina, biyu ce ta rage. Kar ka karanta fayil. Kar ka nemi amsa a intanet, ku yaran yanzu abu ya ƙi minti biyar kun jawo waya, haba! Kodayake in ka yi sati ka kasa to duba, ni rashin tambaya ne ya kai ni, amma ka rubuta da hannunka ka zo ka faɗa min aikin %r da dalilin %%, alamomin Python da za ka gani a cikin amsar. In ya yi, saka ɗ da Ƙ mu ga ko za su juya.