Cefanen shekara: abin da na koya bayan na cire kunya da tsoro

A farkon shekarar da ta wuce na ɗauki ƙuduri biyu. Na farko, in rage abin da cefane ke ci daga albashina ba tare da tukunyar gidana ta ragu ba. Na biyu, in daina kauce wa wasu abubuwan da nake jin tsoronsu. Ina zaune a Birnin Kebbi da iyali mutum bakwai, kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya hau kan kowane kwano na hatsi da kowace kwalbar manja. Abin da ke ci mini rai shi ne, a jihar da ake noma shinkafa rani da damina, ga albasar Aliero ga kifin Yawuri, da yawanmu ƙulli-ƙulli muke saye, wato a farashi mafi tsada da ke cikin kasuwa. Ƙudurin nan biyu a aikace guda ɗaya ne, domin kusan duk inda kuɗi ke zuba, akwai wani tsoro ko kunya da ke tsaye a wurin.

Tsoro na farko shi ne na sanin gaskiyar lissafi. Magidanci na iya shekara yana karɓar kaya bashi wurin mai shago, ya biya wani abu a ƙarshen wata, bai taɓa cewa a haɗa masa jimla ba, don kada ya ji abin da zai hana shi barci. Maganinsa littafin rubutu na 'yan makaranta. Wata ɗaya cur a rubuta duk abin da ya shiga tukunya, da ranar saye, da yawa, da kuɗi: har gishiri, har kuɗin niƙa, har gawayi ko gas. Kada a canza komai a wannan watan, a bar gidan ya ci yadda ya saba, in ba haka ba lissafin zai yi ƙarya. Shi kuwa mai shago, na je na ce, "Alhaji, a haɗa mini duka, mu tsayar da abin da zan riƙa kawowa kowane wata, daga yau kuma hannu da hannu." Ba a tsimi da bashin shago a wuya, saboda mai bashi ba ya taya kaya, ba ya kuma iya zuwa wani wuri in ya ga sauƙi.

Wannan littafi ba ya cika sai da uwargida, don ita ta san abin da ake ɗiba. A nan maza da yawa ke ja da baya, suna gudun a ce sun zama masu ƙididdiga, masu leƙa tukunya. Yadda aka buɗe zancen shi ne komai. Ban ce mata ana ɓarna ba. Na nuna mata albashin da abin da ke fita, na ce ita za ta riƙe littafin, kuma abin da aka rage za mu raba biyu: rabi ya koma sayen hatsi, rabi ita ke da iko da shi. Daga ranar aikin ya zama nata, ta kuma fi ni ganin inda ake yoyo.

Ga abin da littafin ya nuna. Gidana na cin kimanin tiya ɗaya ta hatsi a rana in an haɗa tuwo da kunu da fura. Babban buhu a yawancin kasuwanninmu tiya 40 ne, wato buhu ɗaya kwana 40, shekara kuwa buhu tara. Da mutum ya san wannan adadin, ya san abin da zai nema a kaka. Sai dai tiya suna ta tara: wani kwanon an bubbuge gindinsa, wani ma'aunin yana tozo, wani yana shafe baki. Na sayi tiyata, na auna ta a sikelin mai nama na ga nauyin da take ɗauka, da ita nake zuwa kasuwa. In zan sayi buhu, a gabana ake juye shi a auna. Wannan ma yana tona algus, don wasu kan sa mai kyau a baki, tsakuwa da ƙaiƙayi a tsakiya.

Sabuwar shekarar abinci ba Janairu ba ce, ba kuma Muharram ba: kaka ce. Gero na shigowa wajen Satumba da Oktoba, wake da shinkafar damina daga Oktoba zuwa Disamba, dawa a Nuwamba da Disamba. Tumatir da tattasai da attaruhu na araha a tsakiyar rani, albasa na faɗuwa in sabuwa ta cika kasuwa wajen Fabrairu zuwa Afrilu, shinkafar rani kuma ta fito kafin ruwa ya sauka sosai. Hatsi ya saba tsada a marka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabo bai zo ba. Saboda haka ƙudurin Janairu aikinsa biyu ne: ka kama abin da ya rage na arahar dawa da wake, ka kuma fara tara kuɗin kakar gaba. Ni adashi na shiga da abokan aiki, na roƙi a ba ni ɗaukar Nuwamba. Azumi kuma a duba shi a kalanda, don kowace shekara yana matsowa da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka. Sukari da gero da man girki a saye su wata biyu kafin ya kama.

Amma fa a sayi na ci, ba na kasuwanci ba. A 2025 farashin hatsi ya sauko maimakon ya hau yadda aka saba, kuma waɗanda suka ci bashi suka tara buhuna don riba sun ji jiki. Wanda ya ajiye abin da gidansa zai ci, ko farashi ya faɗi, tuwonsa na nan.

Shinkafa ita ce inda ɗan Kebbi ya fi kowa dama. Maimakon buhun kamfani, ina sayen shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ƙaiƙayi ba, daga manomi ko a kasuwar ƙauye, in kai wa mata masu gumi su turara, ta bushe, a kai inji. Abin da ke fitowa kusan kashi biyu cikin uku ne na nauyinta, sau da yawa ƙasa da haka kaɗan, don haka kafin ka ce ta yi araha, haɗa kuɗin shanshera da na gumi da na inji da na dako, ka raba da yawan tiyar da ta fito. Inda ake asara wuri biyu ne. In an shanya gumin a rana mai zafi ya bushe da gaggawa, ƙwayar na tsattsagewa, inji ya karya ta. Gara a fara a rana a ƙarasa a inuwa. In kuma an shanya a ƙasa ba tamfol, tsakuwa ce za ta hana yara ci. Shanshera ta fi sarrafaffiya jure ajiya, don haka buhu ɗaya nake kaiwa inji, in ya kusa ƙarewa in kai wani.

Sai tsoron da ya fi hana mutane sayen sari: kada ƙwaro ya cinye. Wannan tsoron ne ke sa wasu zuba maganin feshi irin su Sniper a cikin wake, ko su jefa ƙwayar gas a buhu su ajiye a ɗakin da ake kwana. Don Allah a daina. Guba ce, hayaƙin ƙwayar nan yana kisa, kuma irin wannan magani ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Abin da ƙwaro ba ya iya jurewa shi ne rashin iska, kuma hana shi iska ba ya buƙatar magani ko kaɗan.

Sharaɗin farko hatsin ya bushe ƙarau. Ciza ƙwaya: in ta fashe da ƙara, ta bushe; in ta lotsa, a mayar rana. Gwajin da ya fi wannan shi ne na gishiri. A samu busasshiyar kwalba, a zuba hatsi kamar kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali biyu ko uku na busasshen gishiri, a rufe, a girgiza, a bari minti goma sha biyar a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, akwai sauran danshi. Hatsi mai danshi in aka toshe shi fumfuna yake yi, kuma fumfunar masara da gyaɗa na haifar da guba mai lahani ga hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta.

Daga nan sai buhun PICS mai hawa uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Akwai na kilo 50 da na kilo 100 wurin masu sayar da kayan noma. A hura iska cikin kowace leda a matse, a tabbata ba huji. A sa ɗaya cikin ɗaya, a zuba hatsin da aka sheƙe, a bar wurin ɗauri. A matse iskar leda ta farko, a murɗe baki, a lanƙwasa, a ɗaure. Sannan ta biyu daban, sannan buhun waje daban. Ɗaure su gaba ɗaya shi ne kuskuren da aka fi yi. A ɗora a kan katako, kada ya jingina da bango, a kuma share wurin, don ɓera in ya huda leda aikin ya tashi. Ga wake na fi son jarka mai lita 25, irin ta man girki, tana ɗaukar kusan kilo 20. A wanke, ta bushe sarai, a cika har wuya ana girgizawa, a sa leda a baki kafin a murɗa marfi. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba ta shiga wannan aiki. Amfanin jarka shi ne ana buɗe ɗaya a cinye, sauran na rufe. Buhun da ake buɗewa kullum iska na komawa, ƙwaro ya farfaɗo.

Kada a niƙa da yawa. Garin gero musamman yana saurin canza ɗanɗano saboda man da ke cikinsa, na kwana kaɗan ya isa. Na dawa da masara ba na wuce na mako biyu.

Kayan miya kuwa, kwandon tumatir na rani shi ne miyar damina. A zaɓi mai tauri, a wanke, a yanka, a shanya a kan tabarma ko buhu mai tsabta a bisa wani abu, ba a gefen titi ba, har ya bushe yana karyewa. In ya saura da laushi zai yi baƙi a ajiya. Haka tattasai da kuɓewa. Albasa ba ta son leda ko matsi: a zaɓi wadda wuyanta ya bushe, a baza a inuwa mai iska, a riƙa tsince wadda ta fara laushi. Ba na sayen fiye da ta wata biyu zuwa uku, ragowar a yanka a busar. Nama kuma watanda muke yi da maƙwabta, a sayi dabba a raba kashi-kashi.

Ciniki shi ne abin da na fi jin nauyi. Ma'aikaci da manyan kaya yana ganin taya kaya zubar da girma ne, mai kaya kuma na karanta hakan a fuskarsa. Abin da ya yi mini aiki: in zaga rumfa uku in ji farashi kafin in taɓa aljihu, in riƙe takardar abin da na zo saye, in taya da fara'a. In an ce "albarka", in yi godiya in wuce. Sau da yawa za a kira ni, in ba a kira ba na san na taya ƙasa da kuɗinsa. In akwai dillali, a yi maganar la'ada da kuɗin dako tun kafin a sallama. Ba na matsa wa tsohuwa mai kashin kuka ko daddawa, ribarta ba ta kai a yi ja-in-ja ba. Ƙarfin tayi a kai shi wurin buhu da jarkar mai.

Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida, kuma a wannan zamani dole a bambance su. Kunyar kasuwa a cire ta. Tsoron hanya kuwa gaskiya ne, ba a yi masa jarumta. Akwai kasuwannin ƙauye a Kebbi da Zamfara da hatsi ke araha amma hanyarsu ba lafiya. Ba na zuwa inda direbobin tasha suka ce a dakata, ba na tafiyar asuba ko ta bayan magariba, ba na ɗaukar kuɗi da yawa a jiki tunda ana iya turawa ta waya. Mu huɗu muke haɗa kuɗi, mu ba amintaccen mutum ɗan yankin ya auna ya ɗoro a mota, mu raba kuɗin dako. In bambancin farashi bai wuce kuɗin mota ba, a Jega ko Argungu ko nan cikin gari nake saye.

Akwai kuma nauyin 'yan uwa. Buhu tara a ɗaki ba ya ɓoyuwa, kuma mai hatsi ba ya rasa masu sallama. Ba na son in zama mai hanawa, ba na kuma son abincin yara ya ƙare a Yuli. Abin da muka tsayar da uwargida shi ne buhu na goma: nasa ne daban, na dangi da maƙwabta da almajirai, daga shi ake ɗiba da hannu sake. In ya ƙare, ina faɗin gaskiya: "Yaya, wanda na ware ya ƙare, ragowar na yara ne, amma ga ɗan abin da ya samu." Faɗin hakan na farko yana da nauyi ƙwarai, na biyu bai kai shi ba, kuma ban ga wanda ya yanke zumunci a kai ba.

A bana abin da na sa gaba shi ne man girki da makamashi, don su ne littafin ya nuna sun fi tashi bayan hatsi ya zauna. Za mu sayi jarkar manja mu raba da gida biyu tun kafin damina, mu jiƙa wake tun dare don rage wutar dafuwa, mu kuma gwada murhun gawayi mai rufin yumɓu, a rubuta kwana nawa buhun gawayi zai yi a kansa, a gwama da na tsohon murhu.