Godiya bayan kwana uku a ɗakin saba

Alhamdulillahi. Daren jiya da misalin ƙarfe ɗaya muka kulle ɗakin saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye fayilolin ofishinmu, kowace folda ta koma hannun masu ita. Tun Litinin bakina bai san wata magana ba sai "ku yi haƙuri". Yau bari in ce na gode.

Tsohuwar sabarmu tana kan Windows Server 2012 R2 ne, wanda Microsoft ya daina yi wa gyaran tsaro tun 10 ga Oktoba 2023. Mun yi ta jan ƙafa har aka sayo sabuwar na'ura muka ɗora mata Windows Server 2022. Ranar Asabar na kwashe fayiloli zuwa sabuwar da robocopy, manhajar kwafar fayiloli ta Windows, na manta ban sa /COPYALL ba, umarnin da ke sa ya kwafo har da izinin wanda zai iya buɗe kowace folda. Laifina ne ni kaɗai. Shi robocopy in ba ka gaya masa ba, fayil da kwanan watansa yake ɗauka, ya bar izini a baya. Duk foldar da ta sauka sai ta gaji izinin uwarta, wato babbar foldar da aka zuba ta a ciki, uwar kuwa a buɗe take ga kowane ma'aikaci. Takardar albashi da mutum uku ke gani ta zama allon sanarwa.

Godiyata ta farko ga ƙanwata ta sashen rajista. Ita ta fara ganin foldar ta buɗu, ta rufe, ta kira ni a waya. Da a zauren WhatsApp ta faɗa, da yanzu wata maganar ake yi. Allah ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa min.

Sai maigidana da ya koya min aikin nan. Ya yi ritaya, amma ya ɗaga wayata bayan Isha'i dare biyu a jere. Hannuna na shirin latsa wani akwatin zaɓi na Windows mai shafe izinin duk ƙananan foldoji ya ce, "Yaro, ɗaga hannunka." Ya sa na sake gudanar da robocopy da /COPY:S da /SECFIX, umarnin da ke kwafo izinin fayiloli, izini ya dawo. Amma maimakon sunayen masu izini sai ga dogayen lambobi masu farawa da S-1-5-21. Dariya ya yi: ashe wanda na gada a kujerar nan a cikin tsohuwar sabar ya ƙirƙiri rukunan ma'aikata, ba a Active Directory ba, wato rajistar ma'aikata da duk kwamfutocin ofis ke dubawa, don haka sabuwar ba ta san su ba. Muka buɗe sababbin rukunai, icacls, manhajar gyara izini ta Windows, ya musanya lambobin da su ɗaya bayan ɗaya. Allah ya ƙara girma, Malam.

Oga, ranar Lahadi na so goge tsohuwar sabar ka hana, har na ji haushi a raina. Da na goge, babu inda za mu ɗauko izinin. Na gode, ranka ya daɗe.

Baba mai gadi da ya riƙe janareta ya kuma sayo mana shayi, da uwargida da ta ɗumama tuwo sau uku, Allah ya saka da alheri.

Tsohuwar sabar tana nan a kunne har ƙarshen wata. Duk wanda foldarsa ta ƙi buɗuwa ya same ni a ofis, kada ya ce abokinsa ya tura masa a filash.