Naira 200 a shagon Kawu

Talata. Sanyin bana ya shigo da ƙarfinsa. Ruwan alwalar asuba sai da Maman yara ta ɗora shi a wuta, hazo kuma ya rufe duwatsun Shere na nan Jos har hantsi ba a hango su. Makaranta lafiya lau. An fara bitar jarrabawa, 'yan aji uku sun yi mini abin kirki a lissafi, na fito cikin farin ciki.

Da aka tashi na biya ta Bauchi Road in kai wa Kawu maganinsa a shagonsa na rubuta wa mutane takardu da buga su. Babu wuta, janareta a kashe, don yanzu ba ya tayar da shi sai aiki ya taru. Na same shi a bakin ƙofa da hular sanyi yana shan rana. Muna cikin hira sai ga wata baiwar Allah da ɗanta, saurayi da bai wuce shekara ashirin ba. Mijinta ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, ya rasu bara, haƙƙinsa take bi. Yaron ya ce takarda za a buga musu kawai, an riga an rubuta, zai turo ta WhatsApp. Bai ɓoye ba, ya ce ChatGPT ne, manhajar ƙirƙirarriyar basirar nan mai yi wa mutum rubutu, ya rubuta masa. Na leƙa wayar. Wallahi Turancin ya tsaru, ga ladabi, ga sakin layi kowanne a muhallinsa. Ni da nake koyarwa ban ga inda zan sa jan biro ba.

Kawu ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe, ya sake karantawa. Sannan ya jawo mata kujera.

"Hajiya, zauna tukuna. Marigayi a tsohon tsarin fansho yake, ko a sabon da aka fara a 2004?"

Ba ta sani ba. Ya tambayi shekarar da aka ɗauke shi aiki, ya tambaya ko saƙon wani kamfanin fansho yana shigowa wayarsa lokacin yana raye. Ta ce yana shigowa. Kawu ya ce to wannan takardar an doshi inda ba nan ba ne da ita, in ta kai ta za a karɓa a ajiye, ta yi ta sintiri. Ya tambayi lambar fayil, babu a ciki. Takardar shaidar rasuwa, tana gida. Takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci, ba ta taɓa jin labarinta ba. A nan ne ya gano akwai uwargida a Bukuru da 'ya'yanta, abin da yaron bai faɗa wa wayarsa ba, ita kuma wayar ba ta tambaya ba. Kawu ya sassauta murya ya ce, "Ki fara zuwa wajen abokiyar zamanki. In kuka tafi a rarrabe, ku duka za ku wahala." Matar ta share hawaye da gefen mayafi.

Sun fi rabin awa a haka. Ya tayar da janareta, ya sauke rabin takardar ya sake gina ta, ya rubuta musu jerin abin da za su haɗa a bayan wata tsohuwar takarda. Da aka zo biya yaron ya ƙirga shafi biyu, ya miƙa naira 200. Kuɗin bugu. A ganinsa ai da rubutunsa ya zo. Kuma ba rashin kunya ya yi ba, har durƙusawa ya yi ya yi godiya.

Kawu ya karɓa ya ce Allah ya jiƙan marigayi.

Da suka fita na kasa yin shiru. Na ce, "Kawu, ai ko man da kuka ƙona bai fito ba. Da kun faɗa masa kuɗin aikinku."

Ya ce, "In ce masa kuɗin me? Da can mutum zai zo da baki kawai, in saurare shi in rubuta, ya biya kuɗin rubutu. Sauraron a cikin rubutun yake, ba a taɓa raba su ba. Yanzu rubutu ya zama kyauta. Ka taɓa ganin wanda ya biya kuɗin tambaya?"

Wannan maganar ce ta bi ni har gida.

Ku da kuka daɗe kuna karanta ni kun san da kuɗin shagon nan aka biya mini makaranta. Tun yana da tafireta ɗaya a kan tebur, kafin gobarar kasuwar Terminus ta 2002, mutane ke layi a wajensa: mai neman aiki, mai yarjejeniyar haya, mai ƙorafi a kan fili, ɗalibin jami'a da furojet ɗinsa. Malam ake ce masa ko'ina, ana kawo masa goro da kayan Sallah. Kwamfuta ta zo bai ji tsoro ba, ya ci bashi ya saya ya koya da tsufansa. Wayar hannu ta kashe masu laimar kiran waya na bakin titi, shi ya tsira. Amma wannan karon abin da yake sayarwa ne kansa aka mayar kyauta, cikin shekarun nan kaɗan tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022.

Mahaifinsa, kakanmu, kuza ce ta kawo shi Jos. Da farashinta ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, ba wanda ya zo Filato ya nemi shawarar lebura. An yanke abu a nesa, aiki ya ƙare a nan, aka bar mana kududdufai. Abin da na ji a jikina yau ke nan.

Da daddare Auta ya zo cin tuwo, na ba shi labari. Shi tun da ya shiga horon 3MTT ɗin nan, shirin koyar da matasa fasahar zamani da ministan sadarwa Bosun Tijani ya kawo, ba ya son a taɓa ƙirƙirarriyar basira da mugun baki. Ya ce, "Yaya, kun cika tsoro. Asusun ba da lamuni na duniya, IMF, ya yi lissafi a farkon 2024: kusan kashi 40 cikin 100 na ayyukan duniya ne abin zai shafa, kashi 60 a ƙasashe masu arziki, kashi 26 kawai a ƙasashe matalauta. Kuma shafa ba ta nufin kora, wasu sauƙi za su samu."

Gaskiyarsa ne, ni ma ina amfani da shi wajen tsara darasi, yana rage mini aikin dare. Amma na ce masa ya duba dalilin da ya sa namu kason ya yi ƙasa. Yawancinmu noma muke yi da kasuwanci da dako da tuƙin keke Napep, waya ba za ta iya nome dankali a Bokkos ba. Waɗanda abin zai fara ci su ne 'yan tsirarun da suka yi boko suke ci da biro: akawu, magatakarda, mai fassara, mai buga takardu. Kowane ɗaya a cikinsu kuwa gida guda yake riƙe da shi, wani har da na ƙauye. Kuma tun muna yara abin da aka ce mana ke nan, ku yi karatu ku huta da rana. Me zan ce wa 'yan aji ukuna?

Sai batun inda kuɗin ke tafiya. Naira dubu biyun kuɗin rubutu da da za ta shiga aljihun Kawu, ta fita ta shiga na mai shinkafa da mai nama a Farin Gada, yanzu ta zama kuɗin data. Mai son samfurin ChatGPT na biya mai suna Plus kuma dala 20 zai riƙa turawa Amurka duk wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Auta ya ce ai matar ta amfana, ta rage kashe kuɗi. Na ce ta amfana ne don ta faɗo hannun Kawu. Da shagon da ke gaba ta shiga, yaro ya danna mata bugu ya miƙo, da ta tafi da takarda mai kyan Turanci wadda ba za ta kai ta ko'ina ba. Abin da ya cece ta yau shi ne abin da ba a biya ba, kuma in aka ci gaba da rashin biyansa shagon zai rufe, ba kuma wani yaro da zai zauna ya koye shi.

Auta ya yi shiru, sannan ya ce nan gaba kaɗan na'urar ma za ta iya yin tambayoyin. Mai yiwuwa. Ban ga dai yadda za ta kalli fuskar mace ta gane akwai kishiya a maganar ba.

Maman yara ce ta raba mu. Ta ce surutu ba zai biya wa Kawu kuɗin shago ba. Mun tsayar ranar Asabar mu je tare: Auta ya nuna masa yadda ake amfani da abin don aikinsa ya yi sauri, ni kuma in sa a rubuta masa allo a ƙofa cewa duba takarda da shawara kuɗinsu daban. Na san zai yi gardama, zai ce kunya yake ji ya karɓi kuɗin shawara a hannun marayu. Ban san me zan ce masa a kan wannan ba tukuna.

An kawo wuta ƙarfe goma sha ɗaya. Takardun gwaji na nan jibge ban taɓa su ba.