Daga 504 Zuwa Hilux: Yadda Na Zaɓi A-kori-kurar Ɗaukar Hatsi

Masara da waken soya nake saye a ƙauyukan Soba da Ikara, in tara a sito a Zariya, in kaya sun yi yawa a kira babbar mota ta kai Dawanau. Tsakanin bakin gona da sito babu abin da ke shiga sai a-kori-kura, domin babbar mota ba ta bin burtali, babur kuma buhu biyu ko uku ne iyakarsa. Saboda haka ribata da asarata duk a bayan motar nan suke.

Da Peugeot 504 ta kawuna na fara. Haɗin Kaduna ce, daga masana'antar PAN da ke Kakuri, wadda ta soma fitar da motoci a 1975. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san dalilin da ya sa dattawa ke yi mata kallon uwar motocin kaya. Babu garin da za ta tsaya maka ka rasa mai taɓa ta. Kabureta ce, bakanike zai kwance ta a gindin bishiya ya wanke da fetur ya mayar, ka tashi ka ci gaba da tafiya. Sai dai tun tsakiyar shekarun 2000 aka daina haɗa ta, kayan gyaranta masu kyau suka koma sai na gwanjo, tamu kuma tsatsa ta cinye ƙarƙashinta har mai walda ya ce ba shi da sauran wurin da zai kama. Dole ta sa na shiga neman wata.

A garejin bakanikena aka yi ta muhawarar, domin nan masu irin waɗannan motoci ke haɗuwa suna jiran a gama musu aiki. Da na ce ina neman shawara, ban samu amsa ɗaya ba, sai ma aka koma gardama a kan wace mota ce ta cancanci a kira ta a-kori-kura tun farko.

Wani Alhaji ɗan kwangila, mai sabuwar Hilux fara mai ƙofa huɗu, ya ce ai magana ta ƙare, in nemi irin tasa: ka ɗauki iyalinka, ka ɗauki kayanka, ga sanyi, ga kwarjini a hanya. Wani dattijon direba da ya tsufa a kan hanyar Saminaka ya dube shi ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, yaushe rabon da ka ɗora buhun taki a bayanta?" Alhaji ya ce shi ba ya son a goge masa fenti. Dattijon ya ce, "To ka ga taka dokin hawan salla ce. Yaron nan jaki yake nema."

An yi dariya, amma akwai lissafi a cikin maganar Baba. Bayan Hilux mai ƙofa huɗu bai wuce kimanin mita ɗaya da rabi ba, na mai ƙofa biyu kuwa ya haura mita biyu. Kujerun bayan nan daga wurin kaya aka yanko su. Kuma idan ka cika ta da mutum biyar, nauyinsu daga cikin abin da aka yarda ta ɗauka ake cirewa. Ban ce ba a-kori-kura ba ce. Ga injiniyan da ke zagayen aiki da ma'aikatansa, ko jami'an lafiya masu kai rigakafi ƙauye, babu kamarta. Ga mai buhu, rabin kuɗinsa ya saya wa kujeru.

Akwai wani kuma da ya yi zaman Agadas, shi a wurinsa duk wasa muke yi in ba Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya ba. Ya kawo labarin yaƙin Chadi da Libiya na 1987, inda sojojin Chadi suka fatattaki tankokin yaƙi a Fada da Wadi Dum da motocin Toyota, har aka laƙaba wa yaƙin sunan kamfanin. Gaskiya ya faɗa, mota ce da aka yi domin rairayi da duwatsu. Amma ni ba Dirku zan je ba. Kuɗinta zai sayi motata ya cika mini sito, kuma hanyar Maigana ba ta buƙatar wannan ƙarfin duka.

Inda gardamar ta fi zafi shi ne kan 'yar Hijet, 'yar ƙaramar motar kaya ta Japan. Yawancin masu manyan motoci ba su yarda a sa ta a lissafi ba. Wani matashi da ke jigilar bulo da ita ya tsaya kai da fata yana cewa, "Yallaɓai, a rana ɗaya ina yin sawun da ba za ku yi a mako ba." Ni ina bayansa. Injinta ƙarami ne, cc 660, kuma a Japan kilo 350 aka ƙayyade mata, wato buhu uku da rabi na masara. Amma kan motar, wato wurin direba, yana gaba, bodi a baya, gefunan bodin suna saukowa a yi lodi ta kowane ɓangare, tana shiga lungun da Hilux ba za ta juya ba, kuma mai ita ba ya jin ciwo don an jefa mata yashi ko buhun gawayi. Duk motar da aka ƙera domin bayanta ya yi aiki, kuma mai ita ya bar bayan yana aikin, a wurina ta shiga sahu. Abin da ke damuna da ita shi ne yadda ake cika ta da mutane ranar kasuwa, a tsattsaye a kan kaya. Wannan ganganci ne da rayuka, ba aikinta ba ne.

Wadda ban yarda da ita ba ita ce yankakkiyar mota, wato a ɗauki ƙaramar mota ko bas a yanke rufin baya a yi mata walda a ce ta zama ta kaya. Na kusa shiga ciniki da wata saboda arha, bakanikena ya kai ni ƙarƙashinta ya nuna mini. Irin waɗannan motoci ba su da shasi daban, jikin motar da rufinta su ne ƙarfinta. In ka yanke rufin ka raunana ta, sai ka ga ƙofa ta daina rufuwa daidai, tsakiyar motar ta soma lotsawa. Wani ya ce ai ita ma 504 daga ƙaramar mota aka samo ta. Haka ne, amma ƙaramar ta fito a 1968, ta ɗaukar kayan ba ta fito ba sai bayan fiye da shekara goma, bayan masu ƙera ta sun tsawaita ta, sun ƙarfafa ƙarƙashinta, sun sa mata sifirin mai ganye a baya. Wannan ba aikin da mai walda zai yi da rana ɗaya ba ne.

A ƙarshe tsohuwar Hilux na saya, mai ƙofa biyu, mai fetur, giyar hannu, mai ja da ƙafa huɗu. Kafin in biya, ba fenti muka duba ba. Mun sa ta a rami, muka bi shasin tun daga gaba har baya, musamman inda sifirin ke kamawa, domin a nan motar da aka wahalar da lodi take tsagewa, a yi walda a shafe da baƙin fenti. Muka duba ko lambar shasi ta yi daidai da ta takarda, muka tabbatar da takardar kwastan. Na zaɓi tsohon inji da gangan. Na ga wani maƙwabcina da babbar a-kori-kura 'yar Amurka, kyakkyawa, mai ƙarfi, amma wani ɗan abu na lantarki ya lalace, ta yi wata da watanni a lulluɓe ana jiran a aiko da shi, alhali kayan tawa in babu a Zariya akwai a kasuwar Panteka ta Kaduna, in babu a Panteka akwai a Ƙofar Ruwa ta Kano.

Babban darasin da na samu a kan lodi ne. Irin wannan mota kimanin tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka, buhu goma ke nan na kilo 100. Kowa ya san ana ɗora mata ninkin haka. Dabarar da ake yi ita ce a ƙara ganyen sifirin, sai bayan ya daina durƙushewa, mai mota ya ɗauka ya ƙara mata ƙarfi. Abin da ya yi kawai shi ne ya ɓoye alamar da ke gaya masa kaya sun yi yawa. Birkin na nan yadda yake, haka aksul, haka taya. Na taɓa tarar da wata a gangara kusa da wata gada, ƙafar baya ta fita gaba ɗaya, buhunan shinkafa a warwatse, yaron motar a zaune yana riƙe da kafaɗa. Tun daga ranar in dillali ya ce, "Maigida, a ƙara biyar mana, ai za ta ɗauka," sai in ce na san za ta ɗauka, tsayawar ce ba za ta yi ba. Gara in yi sawu biyu. Buhunan kuma nakan sa a fara jera su daga jikin kai, nauyi ya zauna a gaban ƙafar baya, domin in ya taru a wutsiya gaban motar yakan yi sama, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannu.

Da damina na fahimci wani abu da Baba direba ya taɓa faɗa. A-kori-kura da babu kaya ta fi saurin santsi a laka, saboda bayanta ba shi da nauyin da zai danne taya. Shi ya sa tsofaffin direbobin 504, da ba su da ja da ƙafa huɗu, suke wuce wuraren da sabon shiga da babbar mota ke kafewa: sun san nauyin da za su bari a baya, sun san giyar da za su shiga da ita, ba sa taka totur da ƙarfi. Giyar ƙafa huɗun tawa ta fitar da ni a fadamu da dama, amma ina hawa kwalta nake cire ta, domin barin ta a busasshiyar hanya yana cin taya yana wahalar da giya.

Sai batun mai. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin kowa ya canza. A da ba na damuwa in tafi ƙauye da mota babu komai in dawo da kaya. Yanzu ba na fita sai na nemi abin da zan kai: taki, siminti, kwanon rufi, buhunan gishiri na masu shago. Kuɗin wannan lodin shi ke biyan man zuwa. Aikin cikin gari kuwa, daga sito zuwa injin niƙa ko zuwa wurin masu kiwon kaji da ke sayen buhu uku ko huɗu, na daina tayar da Hilux dominsa. Matashin nan mai Hijet nake kira, in biya shi kuɗin sawu, ya fi mini sauƙi nesa ba kusa ba. Mun ma soma magana da ƙanena a kan mu haɗa kuɗi bayan kakar bana mu sayi tamu, shi ya riƙa ja, ni kuma in ci gaba da bin ƙauyuka da babbar.