Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Lokacin da Keken Kwamfuta Ya Shigo Layin Teloli

Makon jiya mun tsaya a kan surfanin keke, wanda tela ke juya yadi da hannunsa a ƙarƙashin allura. Yau mun iso zamanin keken kwamfuta, kuma sauran labarin ba zai fahimtu ba sai an san yadda yake aiki. Saboda haka wannan kashin na sana'a ne zalla.

Keken, ko Tajima ne ɗan Japan ko wani ɗan China, mai kan ɗinki ɗaya ko shida, ba ya ƙirƙirar komai. Abin da aka zuba masa a filasha shi zai ɗinka, mai kyau ko marar kyau. Gwanintar da a da take yatsun mai ɗinki ta koma wurin wanda ke zama gaban kwamfuta da manhaja irin su Wilcom, yana shata wa allura hanya: inda za ta fara, inda za ta juya, inda za a yanke zare. Idan ya gama sai ya fitar da fayil, galibi nau'in da ake kira DST, wanda keken ke iya karantawa. Wannan fayil bai san launi ba, suka da tsayawa kawai ya sani, don haka mai keke ne zai jera zarensa a kan allurai.

Nan ne akasarin ɓarna take. Tazarar da aka saba bari tsakanin zare da zare milimita 0.4 ce. Yaro ya samo zanen wuyan kaftani a wani guruf na WhatsApp, ya ga ya yi wa rigar girma, sai ya matse shi a jikin keke. Yawan sukar bai ragu ba, filin ne ya ragu. Zare ya hau kan zare, allura ta yi zafi, aiki ya yi tauri kamar ƙirgi. In kuma ya buɗa shi, sai yadi ya riƙa leƙowa ta tsakani. Canjin da ya wuce kashi 10 cikin 100, a koma manhaja a sake lissafi. Haka kuma ɗinkin kwance da faɗinsa ya haura milimita 7 zuwa 8, maɓalli ko agogo zai figo shi, gara a raba shi biyu.

Shadda ba ta yafiya. Mai ƙyalli irin Getzner, in allura ta huda ta huda ke nan, ko an farke ramin yana nan. Allura mai lamba 75/11 sabuwa, zare mai lamba 40, takardar baya, wadda ake shimfiɗawa ƙarƙashin yadi don ta riƙe shi, ninki biyu, sannan a ɗaure yadin a firam ya miƙe ba tare da an ja shi ba. Wanda ya ja shi da ƙarfi zai ga aiki lafiya lau a kan keke, yana kwancewa gefen ya tattare, kuma guga ba ta gyara wannan. A juya bayan aikin a duba: farin zaren ƙwarƙwaro ya kamata ya ci kashi ɗaya cikin uku a tsakiya. In farin zaren ya fito ta fuskar aikin, zaren sama ya ɗaure da yawa. Gudu kuwa, ko keken na iya suka 1,000 a minti, a shadda 700 ya isa. Zane mai suka 60,000 zai ci kusan awa ɗaya da rabi, ban da tsinkewar zare da ɗaukewar wuta.

Ni a ganina keken bai kashe fasaha ba, satar zane ce ta sa ta lalaci. Aska takwas da tambari da dagi duk sun shiga kwamfuta, amma da yawa waɗanda suka shata su ba su taɓa riƙe babbar rigar Zariya ta hannu sun ga yadda zaren ke kwanciya ba. Mai zanen da ya zauna da tsofaffin maɗinka, askarsa daban take fita, don ya san inda ake karkata zare haske ya kama shi.

Sai batun talla. Hoton shadda da rana tsaka ƙarya yake yi, ƙyallin na cinye aikin. A ɗauka da safe a inuwa, a kashe fitilar waya, kada a taɓa launi da manhaja, domin ruwan toka da ya koma shuɗi a Instagram shi ke dawo da kaya shago. A saka hoto uku: rigar gaba ɗaya, aljihu daga kusa, da bayan ɗinkin. Kuma a rubuta ƙarara cewa na kwamfuta ne. Mai saye da ya san riga ba ya tambaya, juya wuyan yake yi ya murza da babban yatsa. In ya ji guntun takarda ya ga suka duk tsawo ɗaya, sai ya ɗago kai ya ce, "Malam, wannan ne na hannun?" Daga ranar ba shi ba shagon, kuma a majalisa zai ba da labari.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga yadda ake yanka farashi a kan kowace suka 1,000, da rigimar da hakan ta haifar tsakanin masu keke da teloli.