Bijimai Talatin da Ba Su Tsallaka Teku Ba

A gidanmu fawa gado ce. Tun ina yaro nake bin mahaifina kasuwar Kara ta Bukuru, har na iya duban ƙugun sa in faɗi naman da zai bayar. Shi ya sa da wani ɗan kasuwa na Dubai ya ce yana son naman shanu daga Najeriya a ƙarshen 2023, ban ga wani abin wahala ba. Lokacin an cire tallafin mai, an saki naira ta faɗi, kowa na cewa wanda zai sayar da kaya da dala shi ne da riba.

Na sayi bijimai talatin, Bunaji da Bokolo, na turke su a bayan garin Jos, ana ba su dusa da harawa da angurya. Wata uku suka yi ƙiba gwanin sha'awa.

Sai mutumin ya turo tambayoyinsa. Bai tambayi ƙiba ba. A ina aka haifi kowane sa? Wace allurar rigakafi aka yi masa, yaushe? Wace mayanka ce za ta yanka, kuma hukumar ƙasarsu ta amince da ita? Na ɗauki takardar na kai wa wani tsohon likitan dabbobi da ya yi aiki a Vom, inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi take tun 1924. Ya karanta, ya cire tabarau.

"Alhaji, cikin talatin ɗin nan, guda nawa ka san garken da suka fito?"

"Likita, ai a hannun dillali na saya."

"To shi ma dillalin bai sani ba."

Ya yi mini bayanin cewa boru, wato ciwon baki da kofato, da ciwon huhu suna nan tare da shanunmu, kuma babu wani yanki a Najeriya da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta shaida ya kuɓuta daga boru. Ya kawo misalin Botswana, wadda shanunta ba su kai namu yawa ba ko kusa, amma ta daɗe tana sayar wa Turai nama, don ta raba ƙasarta da shingen waya, kuma ana sanya wa shanu lambar da za a bi tarihinsu. Namibiya ma haka ta bi har ta fara kai nama Amurka a 2020. Mu kuwa saniya za ta taso daga Chadi, ta biyo ta Mubi ko Potiskum, ta wuce hannu biyar, babu ko ƙyallen takarda.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne lissafina na dala ma bai tsaya ba. Faɗuwar nairar da na ɗauka za ta taimake ni ita ta tsadada shanun, domin masu kawo su daga Nijar da Chadi da Kamaru da sefa suke ƙirga kuɗinsu. Dusa ta tashi. Ɗakin sanyi sai da janareta, man dizal kuma ba a magana. Ga masu karɓar haraji a hanya, shinge bayan shinge. Na kuma gane abin da ya kamata in lura da shi tun farko: ƙasar da take shigo da shanu don ta ciyar da Legas da Fatakwal, rararta ba ta da yawa.

Bijiman dai a Abuja suka ƙare, wajen masu otal da 'yan tsire. Na fita da uwar kuɗina da ƙyar.

A 2024 gwamnatin Tinubu ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo, aka naɗa Idi Mukhtar Maiha minista. Na yi murna har zuciyata, amma abin da nake jira in gani shi ne rigakafi ya isa ruga a kan kari, da mayanka ko guda ɗaya mai ruwa da wuta da likita a tsaye.

Ni dai na daina sayen sa da ido kawai. Na ƙulla da wani dattijon Bafulatani mai garke a wajen Toro, ina sayen maruƙa kai tsaye, a sa musu ɗan kunne mai lamba, in rubuta ranar kowace allura a littafi. Ran farko ya dube ni ya ce, "Yaro, kowace saniya a nan na san uwarta da kakarta." Na ce, "Baffa, to faɗa mini in rubuta." Muka zauna a gindin ɗorawa har la'asar.