Ɗan ƙoƙon da na rufe a akwati

Watana biyu a Limoj, cikin ƙasar Faransa, mai gidan da nake haya ta kawo wani ɗan baƙin ƙoƙo, bai kai gwangwanin tumatir ba, ta ɗora a kan kantar ɗakina. Ta yi bayani da sauri, ban kama komai ba. Raina bai kwanta da shi ba, don na ɗauka na'urar naɗar magana ce. Tana fita na naɗe shi a tsumma na jefa akwati.

Da ta gano, a gaban sauran 'yan haya ta yi mini faɗa, tana rarrabe kalmomi kamar mai koya wa yaro karatu. Ashe ma'aunin radon ne, iskar da ke fitowa daga ma'adinin yuraniyom na cikin duwatsun yankin. Ba ta da wari ba ta da launi, tana taruwa a ɗakin ƙasa irin nawa, kuma bayan taba sigari ita ce kan gaba wajen kawo kansar huhu. Ga shi na toshe duk kafofin iska saboda sanyi. Aka sake awo na wata biyu, ya haura bekarel 300 a kowace mita kubik ta iska (bekarel ma'aunin ƙarfin haskoki masu cutarwa ne da radon ke fitarwa), iyakar da hukumarsu ta sa.

Abin da ya ƙona mini rai, ni za a koya wa yuraniyom? A Akokan aka yanke cibiyata, kusa da Arlit a Nijar. Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ramin haƙar yuraniyom, wanda aka rufe a 2021. Da wannan guminsa aka kunna fitilun Faransa, don da yuraniyom suke samar da lantarki. Amma tsawon zamanmu ban taɓa ganin an ajiye irin ƙoƙon nan a ɗakin Inna ba.

Yanzu safe da yamma nakan buɗe taga, sanyi na ratsa ƙashi. Wani abokin karatu ya ce ko a jirgi mutum na kwasar haskoki masu cutarwa daga sararin sama, ko da yake kaɗan ne. Lokacin da jirgi ke tafiya kai tsaye, awa biyar da wani abu ne daga Faris zuwa Yamai. Wallahi da ina da kuɗin tikiti da kowane wata na kwasa.

Daren jiya na kira gida, tari ya hana Baba ƙarasa gaisuwa. Na ce, “Baba, don Allah ku je asibiti a ɗauki hoton ƙirji.” Ya ce hazo ne kawai, in kula da karatuna. Na sayi ƙoƙo biyu, suna nan cikin jaka, ina cigiyar mai zuwa Agadas.